Na ajiye aikin wata na kama shinkafa: abin da na tarar a hanya

Ranar 29 ga Mayun 2023 ina shagon aski a Jekadafari, cikin garin Gombe, muna kallon rantsar da sabon shugaban ƙasa a talabijin, aka ce tallafin mai ya tafi. Kafin magariba gidajen mai sun fara jan ƙofa. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a watan Yuli kuma ta wuce 600. Ina zaune a Tumfure, wurin aikina yana cikin gari, wani kamfani ne mai rarraba kayan masarufi inda na yi shekara tara ina riƙe da lissafin sito. Abin da ke shigo mini a wata naira dubu 88 ne. Da can yakan kai mu ashirin da biyar ga wata da ɗan dabara. Zuwa ƙarshen shekarar, kafin wata ya raba ya ƙare, sauran kwanakin kuma sai littafin bashin mai kanti. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin watan Yuni ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024, kuma ko wanda bai taɓa riƙe dala ba ya ji ta a farashin sukari da magani. An yi mana ƙarin dubu 10 a ofis, yana cikin dubu 88 ɗin nan, kuɗin Keke kaɗai ya haɗiye shi.

A nan tunanin barin aiki ya fara, kuma da zafin rai ya fara, ba zan ɓoye ba. Abin da ya ɗan sanyaya ni littafi ne na ɗari biyu da na saya na zauna da shi dare uku. A shafi ɗaya na rubuta abin da gidana ke ci a wata: ni, uwar yara, yara huɗu, da abin da nake aika wa Dada, mahaifiyata, a Kumo. A ɗaya shafin na rubuta abin da aikin ke ba ni, sai na ga ashe ya wuce abin da ke shigowa waya. Akwai kashi 10 cikin ɗari da doka ta ce mai aiki ya zuba mini a asusun fansho, ban da kashi 8 da ake cira a nawa. Akwai katin asibiti da ya ɗauke ni da iyalina. Akwai buhun shinkafa da jarkar mai da ake ba mu da azumi. Akwai hutun shekara da kuɗinsa. Sannan akwai abin da ba ya rubutuwa: mai kanti yana ba ni bashi ne don ya san ƙarshen wata zai zo. Da na haɗa, sai na ga duk sana'ar da ba za ta ba ni aƙalla dubu 130 a wata ba, bayan an cire komai, to baya na koma.

Uwar yara ce ta fara jin maganar. Ta yi shiru, can ta ce, “Maigida, ni ba zan hana ka ba, amma ka gaya mini me za mu ci kafin shagon ya fara ciyar da mu.” Ban da amsa a daren. Hamma, yayana, malamin makaranta ne, shi kai tsaye ya ce kada in saki reshe in kama ganye, mutane na yawo da takardu suna neman irin kujerar da nake son tashi a kai. Wanda ya ba ni abin kamawa Bappa ne, ƙanin mahaifinmu, wanda ya tsufa a harkar hatsi a Tudun Hatsi. Bai ce in bari ba, bai ce in zauna ba. Cewa ya yi, “Ɗana, kana da Asabar da Lahadi. Ka ba ni su wata uku. In ka ga za ka iya, takardar ajiye aiki ba ta gudu.” Na yi istihara, na kama zuwa.

Waɗannan Asabar ɗin su ne makarantata, kuma su ne abin da ya fi komai amfani a duk tafiyar. Mukan yi sammako zuwa Dadin Kowa, inda ruwan dam ya sa ake noman shinkafa rani da damina, mu sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Ni da na saba da kaya a kwali mai lamba a jiki, sai ga ni gaban buhun da ba ka san abin da ke tsakiyarsa ba. Bappa ya koya mini zura hannu har ƙasa, da tauna ƙwaya a ji ko ta bushe, da girgiza tafi a ga yawan ƙaiƙayi. Daga nan a kai wa mata masu turarawa, su jiƙa, su turara, su shanya, sannan a kai inji a cashe, a wuce da ita injin cire tsakuwa. Duk mataki da kuɗinsa: la'adar dillali, 'yan dako, mota, itace, mai inji, buhu, ɗinki. Shanshera mai kyau takan ba da kusan kashi 60 zuwa 65 cikin ɗari na nauyinta, sauran buntu ne da dusa da tsaki. Karon farko da Bappa ya bar ni na saya ni kaɗai, buhu biyar na ɗauka da kuɗina, na ga arha na yi murna. Ashe ɗanya ce. Da ta bushe ta zabge, a inji kuma ta kakkarye. Na yi asarar dubu 31, fiye da sulusin albashina. Bappa ya yi dariya ya ce kuɗin makaranta na biya, kuma gara na biya shi ina da albashi. Wannan maganar ta zauna mini.

A ƙarshen Afrilun 2024 ɓarayi suka kayar da turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka shafe makonni cikin duhu, mu da Yola da Jalingo da sauransu. Masu injin da ke dogaro da wuta suka koma kan dizal, kuɗin casa ya tashi, layi ya yi tsawo. Kayan da ya kamata su fito kwana biyu suka kwana shida. A ofis duhun bai taɓa albashina ba, janareta ce ta sha wahala. A kasuwa kuwa kai ne janaretar. Na ƙara layi a littafina na abin da ba a shirya masa ba.

A watan Mayu na shiga rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, tun ina aiki. Wani yaro mai shagon intanet ya ce in kawo dubu 30 ya yi mini komai. Da na bincika sai na ga a lokacin kuɗin ajiye suna naira 500 ne, rajistar kanta dubu 10, kuma duk a intanet ake yi. An ƙara kuɗin daga baya, don haka mai niyya ya duba shafin hukumar kafin ya ba kowa kuɗinsa. Na sallami yaron da dubu 5 don ya taya ni cikewa da ɗora hoto da sa hannu. Suna biyu na farko da na bayar ba su wuce ba, don akwai masu kama da su a rajista. Kowa a Gombe yana son sa albarka ko nasara a sunan shagonsa. Na uku ya wuce, aka ajiye mini shi kwana 60. Sai wata matsala ta kunno, tawa ce kuma tun asali: yadda aka rubuta sunana a katin NIN daban, a banki daban, a takardar firamare daban. Harafi biyu kacal. Ban taɓa damuwa ba don albashi bai taɓa ƙin shiga ba. Sai da na je babbar kotu na yi rantsuwar suna, na je gyaran bayanan katin, na jira. Lokacin kuma ya zo daidai da wa'adin da aka ba masu POS na su yi rajista kafin 7 ga Yuli, duk shagon intanet ɗin da ka shiga cike yake da su. Abin da ya kamata ya ɗauki mako ɗaya ya ci mini biyar.

Da takardar ta fito na karɓi lambar haraji, wato TIN, wadda kyauta ce, na je banki buɗe asusun kasuwanci. Sun nemi takardar rajistar, lambar harajin, BVN, hotuna, takardar kuɗin wuta ta inda nake zaune, da mutum biyu masu irin asusun da za su tsaya mini. Na tambayi batun rance, ba don na ƙudurta ba. Ma'aikaciyar ta ce, “Malam, sai mun ga kuɗi na shiga suna fita a asusun nan aƙalla wata shida.” Ruwan da ta ambata ya haura kashi 30 a shekara, ba mamaki, tunda a shekarar Babban Banki ya yi ta ɗaga nasa har ya kai kashi 27.5 a Nuwamba. Ko da babu batun riba, shinkafa ba ta da ribar da za ta ɗauki wannan. Na leƙa bankin da ba ya harka da ruwa, su za su sayi kayan su sayar maka da ribar da aka yanke, amma su ma tarihin ciniki da mai tsayawa suke so. Abin dariyar shi ne, a matsayina na mai albashi a ranar za a iya ba ni rance cikin kwana biyu. A matsayin ɗan kasuwa kuwa ban wanzu ba tukuna.

Jarina ya taru daga kwasar adashe, da raguna biyu da na yi kiwo na sayar gab da Babbar Sallah a tsakiyar Yuni, da ɗan abin da na tara: dubu 900 cif. Na ware dubu 270 na abincin wata uku na ba uwar yara ta riƙe. A raina kuma na ƙidaya wani kuɗin da bai zo hannu ba, na fansho, a matsayin jari na biyu. Zan zo kansa.

Ranar 28 ga Yuni na miƙa takardar ajiye aiki. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye ya ba da sanarwar wata guda, takardar ɗaukata aiki ma haka ta ce, in ba haka ba a cire albashin wata. Manaja ya karanta ya ɗago ya ce, “Ka samu wani wuri ne?” Na ce, “A'a Yallaɓai, kasuwa zan shiga.” Ya daɗe yana kallona kamar wanda ya ce zai tafi Legas a ƙasa. Watan Yuli ya tafi a ƙidayar sito da miƙa ragama ga wanda zai gaje ni, da yawo da takardar sallama daga tebur zuwa tebur: sito, kuɗi, ƙungiyar ma'aikata, mai kula da kayan ofis. A teburin ƙungiya na tuna da sauran bashin dubu 54 da na ci na kuɗin makarantar yara, wanda ake cira kaɗan-kaɗan. Yanzu aka cire shi dungurungum daga albashin ƙarshe. Na fita da dubu 34 a maimakon 88. Abu ɗaya na yi daidai a ranar: na ƙi tafiya sai da aka ba ni wasiƙar amincewa da ajiye aikina, mai kwanan wata da hatimi, na kuma haɗa takardun albashina na watannin ƙarshe. A satin ne aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na dubu 70, abokan aiki suna ta zolayata wai na tashi ana shirin rabon nama.

Ranata ta ƙarshe 31 ga Yuli. Washegari, 1 ga Agusta, aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin ƙasa, kasuwanni suka rufe. Ranata ta farko a matsayin mai zaman kansa a tsakar gida na yi ta, ina jin hayaniya daga nesa, ina lissafin kuɗin haya da na riga na biya. Shagon ƙarami ne, dubu 150 a shekara, da la'adar dillali a kai, da sikeli, da katako na ɗora buhuna. Kafin in sayi buhu ɗaya na shanshera jarin ya koma ƙasa da dubu 430. Wannan lissafin ban yi shi da kyau ba a littafi: na rubuta kuɗin haya, na manta sauran.

Watanni ukun farko sun fi abin da na zata nauyi, kuma ba a aljihu kaɗai ba. A masallacin unguwa wani ya ja ni gefe ya ce, “Allah ya sa ba korar ka aka yi ba.” Mai kantin da ya shekara yana rubuta ni a littafi ya fara cewa kaya sun yi tsada, shi ma da kuɗi hannu yake sarowa. Ranar 25 ga wata hannuna yakan kai kan waya da kansa. Masu karɓar kuɗin shago na ƙaramar hukuma suka zo, na hukumar tara haraji ta jiha suka zo, don harajin da da ake cira a albashi ban ma gani ba yanzu ni zan je in biya da ƙafata. Na koyi neman rasit a kan ko nawa ne. Sai kuma tsofaffin abokan aiki, waɗanda na zata su ne kasuwata ta farko. Sun zo kuwa, kowa ya ɗauki rabin buhu zuwa ƙarshen wata. Na san albashinsu, na san ba zai kai ba, amma kunya ta hana ni cewa a'a. Zuwa Oktoba dubu 140 na jarina yana gidajen mutane ana tuwo da shi. A Satumba kuma ƙaramar 'yata ta kwanta da zazzaɓin cizon sauro har da ƙarin ruwa, katin asibitin kamfani ya riga ya mutu, na ciro dubu 46 daga kuɗin shago. Bayan nan ne na je na yi wa iyalina rajista a shirin GoHealth na jiha, wanda ke karɓar masu zaman kansu su biya na shekara. Da na yi shi tun a Yuli da ban taɓa jari ba. Kuɗin abincin wata uku ya ƙare a wata biyu da rabi, lokacin litar mai ta haura dubu.

Yanzu batun fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. A lissafina wata huɗu zai cika ƙarshen Nuwamba, daidai kaka, in karɓi wajen dubu 450 in zuba su duka a shanshera tana arha, in ajiye zuwa bazara. Ranar 2 ga Disamba na je ofishin kamfanin fanshona da wasiƙar barin aiki, takardun albashi, takardar shekarun haihuwa, hoto, bayanan banki da wasiƙar neman kuɗin. Aka ce sai na fara sabunta bayanaina da lambar NIN, tunda tun da aka buɗe asusun ban waiwaye shi ba. Wannan ya wuce cikin mako biyu, saboda na riga na gyara sunan. Da aka buga bayanin asusun ne cikina ya ɗuri ruwa: wata goma sha ɗaya babu abin da ya shiga. Ana cira a albashina, takardar albashi ta nuna, amma ba a tura ba. Doka ta ce a tura cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Saƙonnin da kamfanin fansho ke turo mini kuwa ban taɓa buɗe su da natsuwa ba. Kuma suna bukatar wasiƙa daga tsohon wurin aikina cewa an zuba mini komai.

Komawa ofishin da ka yi sallama da shi kana roƙon haƙƙinka ba daɗi. Sau bakwai na je. Yau akanta ba ya nan, gobe sai oga ya dawo daga tafiya, jibi ana rufe lissafin shekara. Ina zaune a bencin baƙi, wanda da nake wucewa ta gabansa da makullin sito a hannu. Sai da na rubuta wasiƙa a hukumance, na ambaci cewa zan kai ƙorafi hukumar PenCom mai kula da harkar fansho, sannan aka tura kuɗin a tsakiyar Janairu aka ba ni takardar. Daga nan aka aika don amincewar hukumar, kamar yadda tsarin yake a lokacin. Kuɗin ya shigo a makon ƙarshe na Fabrairun 2025, dubu 468. Kaka ta daɗe da wucewa.

Na yi baƙin ciki sosai a lokacin. Amma shekarar 2025 ba ta bi al'ada ba. Tun a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, ga kuma amfanin gona ya yi kyau. Maimakon hatsi ya tashi da bazara kamar yadda aka saba, sai ya yi ta sauka. Na ga mutanen da suka cika ɗakuna da masara da shanshera a kaka suna sayarwa ƙasa da yadda suka saya, wasunsu da kuɗin mutane. Da kuɗina ya fito a Disamba da ina cikinsu, da jarin gaba ɗaya. Ba wayona ba ne, jinkirin da na yi ta tsine wa ne ya tsare ni. Bappa ya ce mini, “Ɗana, mai ƙaramin jari ba ya ajiya, juyi yake yi.” Tun daga nan nake sayen abin da zan cashe in sayar cikin mako biyu, ko riba ta yi kaɗan.

Da zan sake, ga abin da zan canza. Zan nemi bayanin asusun fanshona tun ina kan kujera, lokacin da akanta abokin shayina ne, ba bayan na zama baƙo ba. Ba zan sa kuɗin da bai shigo hannu ba a lissafin jari, kuma zan tuna cewa kashi 25 ɗin nan daga abincin tsufana na yanko shi. Zan ware kuɗin cefanen wata shida, ba uku ba, kuma zan ƙara masa wani abu saboda farashin da na rubuta a Yuni ba shi na tarar a Oktoba ba. Zan biya bashin ƙungiya kafin in rubuta takarda. Zan daidaita sunana a duk takarduna tun kafin wani ya tambaya. Zan yanka wa kaina albashi daga shago tun watan farko, kamar yadda nake yi yanzu, don hannun da ke shiga aljihun shago saboda kuɗin cefane shi ke cinye jari ba a sani ba. Abin da ba zan canza ba shi ne watannin Asabar ɗin nan. Wanda bai taɓa yin asara a sana'a yana da albashi ba, ban ga dalilin da zai sa ya fara yin ta ba shi da shi ba. Kuma ba kowa ne ya kamata ya tashi ba. Hamma yana nan a makarantarsa, yana noman rani a gefe, kuma ban ga ya fi ni wahala ba.

Yanzu ina da masu abinci huɗu da wata makarantar kwana da nake kai wa duk mako, su ne ƙashin bayan shagon. Wata mai kyau nakan wuce dubu 130 ɗin da na sa wa kaina, wata maras kyau ban kai tsohon albashina ba. Daga bashin abokan aiki har yau dubu 38 bai dawo ba, na daina tambaya. Makon jiya wanda ya gaje ni a sito ya zo shago da yamma, ya zauna a kan buhu, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce shi ma yana tunanin tashi. Na ce ya je ya karɓo bayanin asusun fanshonsa tukuna, sannan ya same ni a tashar Dadin Kowa ranar Asabar bayan sallar asuba, ya taho da kayan da ba ya jin tsoron su yi ƙura.